Farfaɗiya da Hoton Ƙwaƙwalwa: Abin da Na'ura Ke Gani da Yadda Ake Faɗinsa da Hausa

Daga cikin cututtukan da Hausawa suka daɗe da sani, da wuya a sami wadda ake gudu kamar farfaɗiya. Kuturta ma, duk da ƙyamar da ake yi mata, an bar wa masu ita sarkinsu da unguwarsu da hanyar neman abincinsu. Amma mai farfaɗiya ɓoye shi ake yi a ƙuryar ɗaki, a hana maƙwabta sani, don kada zancen ya ɓata auren 'yan'uwansa mata. In kuwa ciwon ya tashi a bainar jama'a, a ce a bakin kasuwar Unguwar Rimi ta Kaduna da hantsi, abin da aka saba gani shi ne mutane su dare, su tsaya daga nesa, kowace uwa tana jan ɗanta, saboda an yi imani cewa wanda kumfar bakin ta taɓa ya ɗauka. Likitoci sun tabbatar ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta numfashi, ko ta taɓa jiki. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake leƙa cikin ƙoƙon kai da na'urori domin neman tushen ciwon, da irin abin da akan gani, sa'an nan da matsalar da ke tasowa in an zo mayar da sakamakon cikin Hausa ga iyaye da dangi.

Sunan Ciwon

Kalmar farfaɗiya daga aikatau faɗi ta fito. An ninka gaɓar farko domin nuna maimaici, watau faɗ-faɗi, sai baƙin ɗ ya koma r saboda ya zo a ƙarshen gaɓa, bisa ƙa'idar nan da ake jinginawa ga Bajamushe August Klingenheben. Haka kaɗa ta ba da karkaɗa, fita ta ba da firfita, kashe ta ba da karkashe. Ashe ma'anar sunan ita ce faɗuwa a kai a kai. Ba Bahaushe kaɗai ya kalli ciwon ta wannan fuska ba. Larabawa suna ce masa sar'u, daga aikatau mai ma'anar kayarwa ƙasa, kamar yadda ɗan kokawa yake kayar da abokin karawarsa. Mutanen Ingila na da suna kiransa ciwon faɗuwa. Sunan da Girkawa suka ba shi, wanda Turawa suka gada, yana nufin cafkewa, kamar dai wani ne ya damƙe mutum ba zato.

Dukan sunayen nan na mai kallo ne daga waje. Sun siffanta abin da ido ya gani, suka bar sanadi ga wanda zai iya nemowa. A ƙasar Hausa galibi iskoki aka ɗora wa, ko sammu, ko gado. Wani bincike da aka yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano, aka buga a 2005, ya nuna kusan rabin waɗanda aka tambaya sun fi son a nemi magani ta hanyar addu'a da roƙo a kan a tafi asibiti. Sai dai kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa danganta ciwon da ƙwaƙwalwa baƙon ra'ayi ne da Turawa suka kawo. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta wani littafi a Girka, wanda ake jinginawa ga Bukuraɗu, yana cewa a ƙwaƙwalwa ciwon yake. Ibn Sina ya bi wannan hanya a littafinsa Alƙanun. Ibn Ƙayyim kuma, wanda ya rasu a 1350, malaman zaure kuwa sun san littafinsa Zadul Ma'adi, ya kasa sar'u gida biyu: wanda miyagun ruhohi ke jawowa, da wanda ke zuwa daga lalacewar ruwayen jiki, ya ce na biyun shi ne fagen likitoci. Saboda haka ƙofar neman sanadi a cikin jiki a buɗe take tun da daɗewa, ko a cikin littattafan da ake karantawa a gida.

Abin da ilmin likita ya tsaya a kai yanzu shi ne wannan. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika wa 'yan'uwanta saƙo da ɗan ƙaramin lantarki, bi da bi, cikin tsari. In wani gungu daga cikinsu ya saki lantarkinsa gaba ɗaya, fiye da kima, shi ne tashin ciwo. Likitan Ingila John Hughlings Jackson ne ya fayyace haka a 1873. Alamar da za a gani ta dogara ne ga wurin da wutar ta tashi. In ta tashi a sashen da ke juya hannu, hannu ne zai yi ta karkarwa, mutum yana ji yana gani. In ta game ƙwaƙwalwa duka, sai a yanke jiki a faɗi, a sandare, a yi ta jijjiga. Ba a cewa mutum yana da farfaɗiya sai irin wannan tashi ya maimaitu ba tare da wani dalili na nan take ba. Don haka jijjigar da zazzaɓi ke sa wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ba farfaɗiya ba ce, haka ma jijjigar mai ciki.

A nan ne sunan Hausa ya gaza. Akwai irin tashin da babu faɗuwa a cikinsa sam. Wani zai ji abu ya taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro, ya ji wani wari da ba kowa ke ji ba, tsoro ya kama shi, sai ya ƙura ido, ya riƙa tauna baki yana tattaɓa rigarsa, wani lokaci ya miƙe ya yi ta tafiya bai san inda za shi ba. Bayan minti ɗaya ko biyu ya dawo hayyacinsa, bai tuna kome ba. Duk Bahaushen da ya ga haka iska zai ce, ba zai ce farfaɗiya ba, tun da ba a faɗi ba. Alhali kuwa wannan nau'i, wanda ke tasowa daga sashen ƙwaƙwalwa na gefen kai daura da kunne, yana cikin waɗanda na'urar hoto ta fi nuna tushensu.

Yadda Aka Kai Ga Ganin Cikin Kai

Ƙoƙon kai akwati ne rufaffe. Likitocin da sai mutum ya mutu suke buɗewa su duba. A 1886 Victor Horsley ya yi wa wani saurayi aiki a Landan, ya cire tabon da tsohon rauni ya bari a ƙwaƙwalwarsa, ciwon ya lafa. Amma abin da ya yi masa jagora shi ne gurbin raunin da ke bisa kai da kuma gaɓar da jijjigar ke farawa. Hasken da Röntgen ya gano a 1895 ƙashi yake nunawa, ƙwaƙwalwa kuwa sai ta fito kamar hazo. A 1919 Walter Dandy na Amurka ya ɓullo da dabarar zuƙe ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa a ɗura iska a madadinsa, don inuwarta ta fito a hoto. An yi shekara hamsin ana amfani da ita, marasa lafiya suna shan azabar ciwon kai da amai.

Ci gaba na farko mai amfani ga masu farfaɗiya daga Jamus ya zo. Hans Berger ya manna wayoyi a fatar kan mutum a 1924, ya ga na'ura tana nuna lantarkin ƙwaƙwalwa, ya buga sakamakon a 1929. Wannan shi ne awon da asibitoci ke kira EEG. A gane fa, awon nan ba hoto ba ne. Kamar mutum ne ya kara kunne a jikin bango yana sauraren hayaniyar cikin gida: zai iya cewa ana rigima, har ya ce daga wajen gabas take, amma bai ga fuskar kowa ba.

Hoto na sosai ya fara ne ran 1 ga Oktoba 1971, sa'ad da aka sa wata mata cikin na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera, a asibitin Atkinson Morley na Landan, aka ga ƙulli a ƙwaƙwalwarta ba tare da an tsaga ba. Ita ce na'urar CT. Tana zagaya kai da hasken nan na Röntgen ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa lissafin, ta fitar da hoton kai falle-falle kamar an yanka albasa. Ta farko a Nijeriya an kafa ta a asibitin koyarwa na Ibadan a 1987. Aikinta na 'yan mintoci ne, kuma ta ƙware wajen nuna jinin da ya taru, da karayar ƙashi, da babban ƙari, da abin da ya daskare ya zama kamar tsakuwa. Ƙananan tabo kuwa sukan kuɓuce mata.

Wadda ta fi ta gani ita ce na'urar maganaɗisu, watau MRI, wadda ta samo asali daga aikin Paul Lauterbur da Peter Mansfield a shekarun 1970. Yawancin jikin mutum ruwa ne, a cikin ruwa kuwa akwai ƙwayoyin haidurojin, kowace kamar 'yar ƙaramar allurar nuna alƙibla. In aka shigar da mutum cikin babban maganaɗisu sai su yi sahu. Sai a buge su da igiyar rediyo su karkace, a saki, su koma sahu suna fitar da amo. Saurin komawarsu ya bambanta: na kitse daban, na ruwa daban, na lafiyayyen nama daban, na tabo daban. Daga wannan bambanci kwamfuta ke zana hoto, har a iya yanka ƙwaƙwalwa falle mai kaurin milimita 1. Ana yin rabin sa'a ko fiye a ciki, ga ƙara kamar ta maƙera, kuma tilas a kwanta ba motsi, shi ya sa akan ba ƙananan yara maganin barci.

Abin da Akan Gani

Abin da aka fi samu ga manya masu ciwon da ya ƙi jin magani shi ne ƙanƙancewar wani ɗan sashe da ke can cikin gefen kai, mai tsawon kamar ɗan yatsa, wanda masana suka sa wa sunan dokin teku saboda lanƙwasarsa. Biyu ne, dama da hagu, kuma su ne ma'ajiyar sabon abin da mutum ya koya. A hoto sai a ga ɗaya ya motse, ya yi haske fiye da ɗan'uwansa. In aka bi tarihin masu irin wannan tabo, sau da yawa akan tarar sun yi doguwar jijjigar zazzaɓi suna ƙanana, aka ga kamar an warke, sai bayan shekaru ciwon ya ɓullo da siffar nan ta ƙura ido da tauna baki. Tsakanin sanadi da bayyanar ciwo akan sami shekara goma, shi ya sa iyaye ba su haɗa su. Sai su tuna da ranar da yaron ya bi ta gindin tsamiya da almuru, su manta da daren da ya kwana yana jijjiga yana ɗan shekara biyu.

Sauran abubuwan da hoto ke tonowa a ƙasa irin wannan, tarihin rayuwar talaka ne a rubuce a cikin ƙwaƙwalwa. Akwai tabon doguwar naƙuda, inda jariri ya daɗe bai yi numfashi ba. Akwai na zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. A Blantyre ta Malawi, inda aka kafa na'urar maganaɗisu domin nazarin wannan ciwo, an nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yaran, an kuma riga an nuna a can cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka tsira sukan kamu da farfaɗiya daga baya. Akwai na sanƙarau. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, a cikin waɗanda suka rayu kuwa akwai kurame da masu farfaɗiya. Akwai tabon faɗuwa daga babur ba hular kwano. Akwai na toshewar jijiyar jini, ga tsofaffi masu hawan jini da kuma yara masu amosanin jini. Akwai ƙullin da tarin fuka ke yi a cikin kai, wanda maganin tarin ke narkarwa. In kuwa dattijo ne ya fara faɗuwa bai taɓa yi ba, likita yakan gaggauta neman hoto domin tsoron ƙari.

Ɗaya daga cikin sanadan ya cancanci a dakata a kansa, saboda kuskuren fahimta da ke tattare da shi. Tsilar alade takan sa 'ya'yanta su yi ƙunshi a cikin ƙwaƙwalwa, in sun mutu su daskare, na'urar CT ta nuna su kamar an watsa tsakuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da tsilar ta yawaita ita ke jawo kimanin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Wanda ba ya cin naman alade zai ce wannan ba ta shafe shi ba. Amma cin naman tsila yake sa wa a hanji, ita kuwa ta ƙwaƙwalwa daga haɗiye ƙwan tsilar take zuwa, ƙwan da ke fita a bayan gidan mai ɗauke da ita, ya shiga ruwa ko ganye ko hannun mai dafa abinci. A 1992 an ba da rahoton samunta a wasu gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, waɗanda ba su taɓa cin naman ba, aka bi sawu aka ga daga masu yi musu aikin gida ne. A gari kamar Kaduna, inda jama'a iri-iri ke cin kasuwa ɗaya suna shan ruwa ɗaya, darasin a fili yake.

Akwai kuma wanda da shi aka haifi mutum: wani ɗan wuri a ɓawon ƙwaƙwalwa inda ƙwayoyin jijiya ba su jeru daidai ba tun a ciki. An fara siffanta shi a 1971. Wani lokaci bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya ɓuya a cikin lanƙwasa, ƙwararre ma ya duba ya wuce. A 'yan shekarun nan an koya wa kwamfuta neman irinsa, takan kuma tsinto wasu da idon likita ya tsallake.

Amfanin ganin tabo ya fi fitowa ga wanda magani ya kasa. Kimanin mutum bakwai cikin goma ciwonsu yakan tsaya da ƙwayoyi, irin su finobabiton, wanda aka fara ba masu farfaɗiya tun 1912 kuma har yanzu yana cikin mafi araha. Sauran ukun su ne ake duba ko za a yi musu aiki. A wani gwaji da aka yi a Kanada kan mutum 80, aka buga a 2001, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka cire wa sashen da ya lalace sun shekara ba tashin da ke gusar da hankali, a cikin waɗanda aka bari kan ƙwayoyi kuwa kashi 8 ne kawai. Sai dai aiki ne da ba a yi da ka. A 1953 an cire wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, dokin tekun nan na dama da na hagu gaba ɗaya. Ciwon ya ragu, amma har ya rasu a 2008 bai ƙara riƙe sabon abu ba, kullum sai likitocinsa sun sake gabatar da kansu. Saboda haka ba a sa wuƙa sai hoto da awon lantarki da labarin yadda ciwon ke tashi sun nuna wuri ɗaya.

Daga Unguwar Rimi Zuwa Gaban Na'ura

A ɗauki misalin magidanci a Unguwar Rimi wanda 'yarsa ta fara faɗuwa. Asibitin Barau Dikko yana kusa da shi. Amma wurin da aka fi sani da duba masu wannan ciwo a Kaduna shi ne asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, a ƙetaren kogi. Tafiyar ba ta da nisa, nauyinta a suna yake, domin a bakin jama'a asibitin mahaukata ne, kuma uban da ya kai budurwa can ya san abin da za a faɗa a unguwa. Farfaɗiya ba hauka ba ce. Likitocin asibitin sun buga nazari a 2010 kan masu ciwon su 231, inda suka nuna irin wariyar da suke sha a makaranta da wurin aiki da wajen neman aure. In ana bukatar ƙarin bincike, akan tura mutum cibiyoyin hoto masu zaman kansu, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, kuma galibi daga aljihunsa zai biya.

Na'urorin ma ba su wadata ba. Wani ƙidaya da likitocin Ibadan suka jagoranta, aka buga a 2018, ya sami na'urar maganaɗisu 84 a Afirka ta Yamma duka, 58 daga ciki a Nijeriya, mafi yawansu kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. Wannan magana ta ƙarfi ba ƙarama ba ce. Ana auna shi da tesla, ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya kuwa ta ba da shawarar a yi amfani da mai tesla 1.5 ko 3, a kuma yanka hoton ta wata kusurwa ta musamman. Mai ƙaramin ƙarfi za ta nuna ƙari, amma tabon dokin teku yana iya wuce ta. Manyan kuwa sai an riƙa sanyaya su da ruwan iskar hiliyom, ga bukatar lantarkin da ba ya yankewa dare da rana, abin da kowane mazaunin Kaduna ya san wuyarsa.

"Ba a Ga Kome Ba"

To, a ce an sayar da akuya, an ci bashi, an yi hoton. Takardar sakamako da Turanci take fitowa, likita ko ma'aikacin jinya ya fassara a tsaye, ga layi a bakin ƙofa. In an ga wani abu, kalmar da ke zuwa baki ita ce tabo, ko ƙari, ko tsutsa. Kowace da kayan da take ɗauke da su. Tabo a Hausa abu ne da ya warke, bai kamata ya yi ciwo ba, sai mai sauraro ya ce to me ya kawo shan magani kullum? Sai an ƙara masa da cewa tabon ƙwaƙwalwa kamar gurbin da waya ta sale ne, can wuta ke tartsatsi. Taɓin ƙwaƙwalwa kuwa, wanda sautinsa ya yi kusa da tabon ƙwaƙwalwa, hauka yake nufi, harafi biyu ne tsakaninsu, kuma kunnen uwa mai firgici ba lalle ya rarrabe ba.

Mafi haɗari shi ne in hoton ya fito lafiya. Abin da akan ce shi ne, "An duba, ba a ga kome ba." A wurin likita wannan albishir ne: babu ƙari, babu tsila, babu abin da za a tsaga. A wurin dangi kuwa hukunci ne. Tun da na'urar Bature ta duba ba ta gani ba, ashe ba ciwon asibiti ba ne, maganar kaka ta tabbata. Sai a ajiye ƙwayoyi a koma wajen mai magani, ga shi kuwa yanke shan maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, wadda takan yi kisa.

Gaskiyar al'amari ita ce, masu farfaɗiya da yawa hotonsu lafiya lau yake fitowa, domin matsalarsu a yadda ƙwayoyin ke sakin lantarki take, ginin ƙwaƙwalwar kuwa ba abin da ya same shi. Na'urar hoto gini take dubawa. Malaman makaranta sun fi kowa haɗuwa da irin wannan ba su sani ba: yaro ɗan shekara 6 ko 8 da zai ɗauke wuta a tsakiyar karatu, ya ƙura ido daƙiƙa goma, ya ci gaba kamar ba a yi ba, sau da yawa a yini. Akan ce sakarci ne ko rashin kunya, a sa bulala. Hoton wannan yaro ba zai nuna kome ba, amma awon lantarki zai zana wani tsari sananne mai bugu uku a daƙiƙa, magani kuma yana tsayar da shi, yawancinsu ma sukan rabu da shi in sun girma. Da za a ce wa uba, "Ginin ƙwaƙwalwar lafiya yake, wutar cikinta ce ke tartsatsi, ita kuwa ba ta fita a hoto," da an faɗi gaskiya ba tare da an kore shi daga asibiti ba. Jimla ce mai tsawo, amma ta fi gajeriyar aminci.

Akwai kuma faɗuwar da ba farfaɗiya ba ce ko kaɗan: suma saboda yunwa ko ciwon zuciya, da faɗuwar da damuwa ke jawowa, irin wadda kan bi 'yan mata da yawa lokaci ɗaya a makarantun kwana. A nan hoto da awon lantarki duka lafiya za su fito, maganin farfaɗiya kuma ba zai yi amfani ba. Hausa ta haɗa wasu daga cikin waɗannan da farfaɗiya saboda an faɗi, ta kuma ware wasu nau'o'in farfaɗiya na ainihi saboda ba a faɗi ba. Aikin daidaita kalmomin nan bai kamata a bar wa likitoci su kaɗai ba, don ba a koya musu shi ba. Wani yunƙuri da ya fuskanci matsalar shi ne na asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda aka tsara tambayoyin gano ciwon da Hausa, aka horar da ma'aikatan lafiya na unguwa a ƙananan asibitoci 60 na Kano da Zariya da Kaduna domin su duba yara su ba da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma a mafi talaucinsu uku cikin huɗu ba su samun magani. Ga mafi yawan waɗannan, abin da ya tsaya tsakaninsu da lafiya ƙwaya ce mai araha da bayani mai gamsarwa, hoto yana zuwa ne daga baya ga wanda alamunsa suka nuna bukata.

Har yanzu da labari ake gane farfaɗiya kafin a je ga na'ura. Likita ba ya nan sa'ad da ciwon ya tashi, mai ciwon kuma bai san abin da ya faru ba, sai a dogara ga wanda ya gani: ta wace gaɓa ya fara, ina kai ya juya, ido a buɗe ko a rufe, minti nawa aka yi. Shi ya sa likitoci suke roƙon dangi, bayan sun kwantar da mai ciwon ta gefe, sun kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, ba su cusa cokali ko wani abu a bakinsa ba, wani ya ɗauki abin da ke faruwa da wayar hannu, tun daga farko in da hali, fuska da hannuwa duka a ciki. In jijjigar ta wuce minti 5 sai a bar ɗauka a nufi asibiti.